Maganar da Aka Ɗora wa Iya Kulu

Asabar, 10 ga Fabrairu, bayan la'asar

Yau Malama Rauda ta dawo. Ita ce matar jami'a da ta yi makonni a garinmu da daminar bara, tana bin gidaje da wayarta, tana tambayar mata masu ƙwadago a gonakin rani yadda aikin yake, da kuma wanda ke magana da yawunsu a ƙungiyar masu ruwa. Ta ce ta gama rubutawa, kuma ƙa'idar aikinsu ce a dawo a karanta wa mutane abin da aka samu a wurinsu kafin a kai shi gaba.

A ajin firamare aka yi taron. Maza a kan benci, Alhaji Hashimu shugaban ƙungiya a kujerar hedimasta, sai baƙi biyu daga ofishin ruwa. Mata a waje, jikin taga. Malam Lukmanu, mai koya mana darasin mulki, ya ce mu je mu ga abin da muke karantawa da idonmu. Na je tare da Murja, ƙawata, autar Iya Kulu maƙwabciyarmu.

Da farko lissafi ne kawai, har wasu suka fara gyangyaɗi. Sai Malama ta ce za ta karanta maganar wata mata kamar yadda ta fito daga bakinta, amma ta sake mata suna. Ta ce, "Wadda na laƙaba wa suna Kulu ta ce: Mu ke dashe, mu ke cire ciyawa, mu ke tsinka. Amma ranar da za a zauna a kan ruwa da feshi, akuya ta fi mu kusa da wurin, don ita tana leƙa zaure. A yi feshi da asuba, a tura mu tsinka da hantsi, ganye bai bushe ba. Wata a cikinmu ta shiga gonar babbansu da juna biyu, ba ta ga daminar nan ba. An ce ajali. To ajali ne, amma yana da wari, kuma mun ji shi."

Kowa ya san marigayiya Tambaya ake nufi, Allah ya jiƙanta, kuma kowa ya san gonar. Sai kawunan maza suka juyo taga ɗaya bayan ɗaya, inda Iya Kulu ke tsaye tana cin goro. Ta ce, "Me kuke kallona, na yi ƙaho ne?" Babu wanda ya yi dariya. Malama ta ɗaga murya ta ce ai ta faɗa, suna ne na aro. Alhaji ya ce an gode, lokacin salla ya yi.

Ni na san inda aka faɗi maganar nan. A kan tabarmar ƙofar madafarmu aka faɗe ta, ina gefe ina tankaɗe. Wadda ta faɗa tana tsaye a bayana yau da mayafinta mai ruwan toka. Ban juya ba.

Lahadi, 11 ga Fabrairu, bayan magariba

Inna ce ke ɗiban mata. In manomi yana son masu tsinkar tumatir, ita yake aiko wa, ita ta san wa ke da lafiya, wa ke da goyo, wa za a haɗa da wa a layi ba faɗa. Baba kuwa shi ke yi wa Alhaji Hashimu ban ruwa tun ban san kaina ba.

Ya shigo ɗazu ya zauna yana wanke taɓon ƙafarsa, ya ce, "Gobe gonar bakin kanal. Alhaji ya ce a kawo matan da wuri, mota za ta ɗauka zuwa Legas." Sannan ya ƙara, "Ban da Kulu."

Inna tana tuƙa tuwo, ba ta ɗago ba.

Ya ce, "Bakinta ne ya ja mata. Na sha faɗa, wasa wasa wata rana zai yi mata tsada. Sauran manoman ma haka suka ce, sai ta gane kurenta."

Inna ta ce, "Uhm."

Baba bai sani ba. Ranar yana gona.

Litinin, 12 ga Fabrairu, bayan tashi daga makaranta

Ina sa takalmi matan suka taru a ƙofar gida kamar kullum. Iya Kulu ta fito da bokitinta a ka, tana tsokanar kowa. Ta ce min, "'Yar boko, yau me za a koya muku, yadda ake cin tumatir da cokali?"

Inna ta ja ta gefe. Na ji duka, don soron namu ba shi da faɗi.

"Yaya Kulu, yau ki huta."

"Na ce miki na gaji ne? Barira, ke shaida ce, matar nan ko gidana ban bari ta zauna ba. Na ce mata ni da waya sai dai a kira ni biki."

"Na sani, Yaya."

"To in kin sani, mu tafi, rana na yi."

"An ce kada in kai ki."

"An ce. Ɗan gidan wa ne An-ce ɗin nan, kullum ana jin sunansa ba a ganin fuskarsa?"

Matan suka yi 'yar dariya, suka daina. Iya Kulu ta sauke bokitin, ta dubi Inna, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ce, "Ku je. Allah ya ba da sa'a," ta koma gida.

A hanyar makarantarmu ta Kura, Murja ba ta daina magana ba. Ta ce sai ta gano wadda ta yi wannan magana ta laɓe a bayan uwarta. Ta ce, "Sa'a, ai Malamar ta shiga gidanku. Me aka ce a can?" Na ce ina tankaɗe, ban ji ba.

Talata, 13 ga Fabrairu, da safe

Yau ma ban da Iya Kulu.

Alhamis, 15 ga Fabrairu, bayan la'asar

Darasin yau a kan wakilci ne. Malam Lukmanu ya rubuta a allo cewa wakili shi ne wanda jama'a suka ɗora wa bakinsu. Ya yabi taron Asabar. Ya ce irin wannan bincike shi ke kai kukan waɗanda ba a jin su zuwa inda ake tsara dokar aiki, kuma da haka ƙasashe suka samu dokokin kare ma'aikata. Ina son darasin nan fiye da kowane. Bara ma da Malama ta zo, ni na ce wa Inna ta daure ta amsa mata, don mun karanta cewa yin shiru ba ya gyara komai.

Murja ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, in kukan ya tashi zai tafi Abuja, ya faɗo a kan wata a hanya fa?" 'Yan aji suka fashe da dariya. Malam bai yi ba. Ya ce ta same shi bayan darasi.

Ya tambayi wa zai kawo sharuɗɗan wakilci nagari. Na san su duka. Ban ɗaga hannu ba.

Asabar, 17 ga Fabrairu, da hantsi

Ni 'yar fari ce. Tunda nake Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke" ko "wannan". In ina ɗaki ba ta zama, in za ta yaba mini sai ta yaba wa tukunyar da na wanke. Ban taɓa jin haushin haka ba, na san kunya ce, kowace uwa haka take yi a nan. Amma yanzu ga mu mu biyu a gida ɗaya, ta san na sani, na san ta san na sani, kuma babu ƙofar da zan bi in ce mata, Inna, yaya za mu yi?

Hannayenta sun sake yin ja, suna saɓa. Tana shafa man kaɗe tana kallon katanga.

Lahadi, 18 ga Fabrairu, bayan azahar

Iya Kulu ta taka har wajen Bunkure neman aiki. Labari ya riga ta isa. Wani ya ce mata, "Ke ce ta rediyo?" alhali ko a rediyo ba a sa ba.

Yanzu tana tsintar tumatirin da 'yan kwando suka zubar, tana yankawa tana shanyawa a kan buhu don kauɗa. Ƙudaje sun cika gidansu. Lokacin tsinka shi ne abincinsu na rabin shekara, tun rasuwar baban Murja. Kuma azumi na tafe.

Na kai musu ɗanwake. Ta buɗe kwanon ta ce, "Kai, yau Barira ta manta ta sa mai har da na gobe. Ki ce mata ban mutu ba tukuna, ta bar sadaka."

Ban gaya wa Inna ba. Na ce ta ce an gode.

Talata, 20 ga Fabrairu, bayan tashi daga makaranta

Na yi abin da ban taɓa zaton zan iya ba. Na tsaya a ƙofar ofishin malamai har aka kusa kaɗa ƙararrawa, sannan na yi sallama, na roƙi Malam Lukmanu ya ara mini wayarsa in kira Malama Rauda. Bai tambaye ni dalili ba. Ya nemo lambar, ya miƙo mini, ya fita.

Na yi magana ƙasa-ƙasa har sai da ta ce in sake faɗin sunana. Na ce ni ce yarinyar gidan Barira. Na gaya mata akwai Kulu ta gaske, an hana ta aiki ko'ina.

Ta ce, "Sunan kakata ne. Matar ta burge ni, sai na ba ta sunan wadda na fi so a duniya. Na duba sunayen duk waɗanda na yi hira da su, babu Kulu a ciki. Ban yi tunanin waɗanda suka ƙi ba."

Na ce ko za ta kunna musu muryar su ji ba ta Iya Kulu ba ce. Ta ce ta goge duka bayan ta kwafe, kamar yadda ta yi wa kowa alkawari. Ta ce ko da tana da ita ma ba za ta kunna ba, amana ce. Ta ce za ta zo ranar Asabar.

Na ji tana jan hanci. Ban san manya masu digiri suna kuka a gaban yara ba. Na ce ta yi haƙuri, ban san me ya sa ni na ba ta haƙuri ba.

Laraba, 21 ga Fabrairu, da yamma

Murja ba ta kawo kuɗin tara na sayen abinci a makaranta ba, ta ce azumin nafila take yi. Na ce ni ma.

Asabar, 24 ga Fabrairu, bayan la'asar

Malama Rauda ta zo. Ta fara zuwa zauren Alhaji, Baba yana wurin, shi ya ba mu labari yana girgiza kai.

Ta yi musu bayani sau nawa. Alhaji ya ce, "Malama, duk sunayen da Allah ya halitta, sai wannan? To na ji. In ba ita ba ce, wace ce?" Ta ce ba za ta iya faɗa ba. Ya buɗe hannuwa ya ce wa mutane, "Kun gani." Dattijo, limamin masallacin unguwarmu, ya ce, "Yarinya, mu a nan in ka ce wane ya ce, shaida ka bayar. Ba a aron sunan mutum kamar turmi." Ta ce a makarantarsu haka ake yi don a kare mai magana. Ya ce, "To an kare ta."

Daga nan ta shiga gidan Iya Kulu. Na bi Murja na tsaya a bakin rijiya. Malama ta durƙusa har ƙasa, da tsadadden leshinta a cikin ruwan tumatir. Ta faɗi zancen kakarta.

Iya Kulu ta ce, "Ta rasu?"

"Ta daɗe, Iya."

"Allah ya jiƙan takwara. Da kin bar ta ta huta, da ni ma na huta."

Malama ta ce za ta canja sunan a littafin tun kafin a buga.

"Canja, 'yata. A bakin mutane kuma wa zai canja? Tashi, kin ɓata zanenki."

Ta so ta bar mata wani abu a hannu. Iya Kulu ta ce a'a, in ta karɓa gobe za a ce ladan magana ne aka biya ta.

Da za ta tafi ta wuce ƙofarmu, Inna na shara. Ta gaishe ta kamar yadda ake gai da wadda ba a sani ba. Inna ma haka ta amsa.

Litinin, 26 ga Fabrairu, da safe

An yi feshi jiya da yamma a gonar bakin kanal, yau ana tsinka. Baba ya ce tsutsa ba ta jira, mota ma ba ta jira.

Laraba, 28 ga Fabrairu, bayan magariba

Inna ba ta cin abinci sosai. Tana zubawa kowa, ta ce ta ci a madafa.

Ɗazu na ji su a ɗaki. Ban kasa kunne ba, amma labule ne kawai. Inna ta yi magana ƙasa-ƙasa, ta daɗe. Sai na ji Baba ya ce, "Ke?" Sai ya ce, "Barira, ki rufa mini asiri. Ruwan mutumin nan muke sha. In ya sallame ni, wa zai ɗauke ni a tsakiyar rani?" Ta ce, "Ita fa?" Ya ce, "Abin zai wuce. Mutane suna mantuwa." Ta ce, "Ciki ba ya mantuwa, Malam."

Ya fita ko hula bai sa ba.

Alhamis, 29 ga Fabrairu, da yamma

Inna ta ce, tana kallon igiyar shanya, "A wanke mini farin mayafi. Gobe za a raka ni wani wuri."

Juma'a, 1 ga Maris, bayan la'asar

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

'Yan kwamitin ƙungiya suna zama a zauren Alhaji bayan an sauko daga masallaci. Mace ba ta shiga. Inna ta cire takalmi ta durƙusa a bakin ƙofa, ni a bayanta. Baba yana ciki can gefe, da ya gan mu ya sunkuyar da kai.

Ta gaishe su. Ta ce, "Alhaji, maganar da aka karanta, ba Yaya Kulu ba ce. Ni ce." Sannan ta maimaita ta daga farko har ƙarshe, har da akuyar, har da warin. Ban taɓa jin Inna ta yi magana mai tsawo haka a gaban namiji ba. Muryarta ba ta yi rawa ba.

Alhaji ya dubi Baba, ya dubi tulin kwandunan da ke jingine a bango suna jiran gobe. Sai ya yi murmushi.

"Barira, ke da ko gaisuwarki sai an kasa kunne? Allah ya ba ki ladan maƙwabtaka. Kin haddace ta kuwa tsaf, ko 'yan hadda sai haka."

Suka yi dariya. Inna ta ce, "Wallahi," ya ɗaga hannu. "Kada ki rantse. Kada ki ɗauki zunubi saboda wata."

Ta ce, "Ga yarinya, tana wurin."

Duk suka dube ni. Alhaji ya ce, "Sa'adiyya, haka ne?"

Na ce, "E, Alhaji. Ina tankaɗe a gefe. Na ji." Na faɗa, kuma da ƙarfi na faɗa, na tabbata sun ji.

Dattijo ya ce 'ya ba ta yi wa uwa shaida. Wani ya ce abin da ke rubuce a rubuce yake, sunan Kulu aka karanta a gaban hukuma. Alhaji ya ce wa Baba, "Muhammadu Sani, ka yi dace da mace mai zumunci. Ku je gida. Gobe gonar yamma, a fito da wuri."

A hanya Inna tana gaba ina baya. Mayafin da na wanke ya yi ƙasa a gwiwa.

Ina jin Alhaji ya yarda. Tun kafin ta gama na ga ya yarda. Amma in Inna ce, wa zai tara masa mata gobe, tumatir ya nuna gaba ɗaya? Iya Kulu kuwa ba ta tara kowa.

Asabar, 2 ga Maris, da hantsi

Gari ya ɗauka. Wasu na cewa Inna waliyyiya ce, wasu na cewa ta yi wauta. Babu mai cewa gaskiya ta faɗa.

Murja ta yarda. Ta gan ni a famfo ta ɗauki bokitinta rabi ta tafi.

Litinin, 4 ga Maris, bayan tashi daga makaranta

Ni kaɗai na je, ni kaɗai na dawo. Murja ta koma bencin baya.

Talata, 5 ga Maris, bayan magariba

Baba ya shigo da fara'a irin wadda ba ta kai ido ba. Ya ce ofishin ruwa sun aiko, saboda rahoton Malama, dole kowace ƙungiya ta sa mace ɗaya a kwamiti kafin a ba ta tallafin gyaran kanal. Ya ce an zauna, Alhaji da kansa ya kawo sunan Inna. Wai mace ce mai hankali, ba ta da hayaniya, kuma ta nuna tana da riƙon amana.

Inna ta ajiye ludayi ta shiga ɗaki.

Na tuna abin da ke allo. Wakili shi ne wanda jama'a suka ɗora wa bakinsu. Ban san yadda zan amsa wannan a jarrabawa ba yanzu.

Alhamis, 7 ga Maris, bayan la'asar

Iya Kulu ta shigo gidanmu, karon farko tun ranar bokiti. Ta zauna a kan turmi. Ina wanke-wanke, ba wanda ya ce in tashi.

Ta ce za su koma Madobi wurin ƙanenta kafin azumi. Yana da injin niƙa, matarsa na fama da ƙafa, za ta riƙa taya su. Gidan nan za a rufe.

Inna ta fara, "Yaya, ni fa," Iya Kulu ta katse ta.

"Tun a jikin taga na sani. Wa ke da akuya mai shiga zauren mutane in ba ke ba? Sau nawa na koro miki ita?"

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"In faɗa a kori gida biyu? Ni lissafina bai kai na 'yar boko ba, amma na san ɗaya ya fi biyu sauƙi." Ta gutsiri goro. "Abin da ya ƙona mini rai ɗaya ne. Shekara nawa ina surutu a garin nan, ban taɓa faɗin magana mai daɗin wannan ba. Da za a kore ni, ai da a kan tawa."

Inna ta yi dariya, dariyar ta juye. Ta rufe fuska da gefen zane. Ban taɓa ganin hawayenta ba, sai na mai da ido kan kwanuka.

Iya Kulu ta bari ta gama, sannan ta ce, "Na ji an ba ki kujera."

"Ba zan karɓa ba."

"Za ki karɓa. Da fatar bayana aka ɗinka ta, kina so a ba matar Alhaji da ba ta san inda kanal ya dosa ba? Ki je ki zauna. Ki dame su da zancen feshi har su gwammace ni."

"Ba sa ji, Yaya. Kin ga dai."

"Ba sa ji sau ɗaya. Ke dai ki zama ƙuda."

Da za ta fita ta dafa kaina ta ce, "An ce kin yi magana a zaure. Ashe da harshe a bakin nan." Na so in ce ta yafe mini, bakin ya ƙi.

Asabar, 9 ga Maris, bayan azahar

Su Iya Kulu sun tafi da hantsi a motar itace da ke komawa wajen Madobi. Katifa, tukwane, buhun kauɗa biyu, da akwatin littattafan Murja. Ban san ko za ta ci gaba da makaranta a can ba. Iya Kulu ta ce sai an ga yadda injin ya yi.

Matan tsinka ba su zo rakiya ba, suna gona. Inna ce ta kai su can, ta dawo da gudu, ta iske ana ɗaure kaya.

Na tsaya a gefen mota. Murja ta hau ta zauna a kan katifa tana kallon wani wajen. Sai da direba ya tayar ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Da kin gaya mini ran da na tambaye ki, da na ji haushi na gama tuni."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Ki riƙa kwafar mini darasi. Ko ban zo karɓa ba."

Lahadi, 10 ga Maris, bayan la'asar

Kwamiti sun yi zaman share fagen azumi. An shimfiɗa wa Inna tabarma a waje, bakin ƙofar zaure. Baba ya ce da aka zo tashi ta ce tana da magana, a riƙa barin gona ta kwana biyu bayan feshi kafin a tura mata. Aka ce an ji, za a duba.

Ta ce za ta sake faɗa a zama mai zuwa.

An ga wata.

Litinin, 11 ga Maris, bayan shan ruwa

Inna ta dama kunun tsamiya, ta soya ƙosai. Ana gab da kiran salla ta jera kwanukan maƙwabta kamar kowace shekara, ta zuzzuba, ta ce a miƙa. Na kai na gidan Dattijo, na kai na gidan mai shayi. Na dawo na ɗauki na ƙarshe, wanda ta fi cikawa, na fita.

Sai da na isa gidan Iya Kulu na ga kwaɗo a ƙofar.

Na tsaya da kwanon yana ƙona mini hannu har ladan ya gama. Da na dawo da shi Inna ta duba, ta karɓa, ta rufe da faifai ta ajiye a gefe. Har yanzu yana nan, ba wanda ya taɓa.